Rijiyar da Ba Ta da Baki

Tun ranar da na sauko daga motar Maradi ban huta da tambaya ba. A lise, sakandaren da nake koyarwa, abokan aikina sun tsare ni a ɗakin malamai. A gidan suna mata sun bar mai jego sun kewaye ni. Har mai sayar mini da gawayi sai da ya ce, "Madam Barira, wai gaskiya ne kin je Turai kin yi rubutu cikin gilashi ba ki fasa shi ba?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa kuma in ya ɗauka sai ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da abin kunyar da na so in ɓoye. Wanda ya sake tambayata, takardar nan zan miƙa masa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malamar fizik ce a nan Dakoro. Mahaifina, Malam Ila, mahaƙin rijiya ne. Daga Korahane har ƙasar Tagriss akwai rijiyoyin da shi ya kai su ga ruwa, kuma kun san zurfin rijiyar ƙasarmu. Tun ina ƙarama nake ganinsa da wani madubi mai bakin fata. In yana aiki can ƙasa cikin duhu, sai wani ya tsaya a bakin rijiya ya tari rana da madubin, ya jefa masa haskenta har gindi. Da rana ta karkata aiki ya tsaya. Baba yakan fito yana tsaki yana cewa laifin haske ɗaya ne, ba ya shan kwana.

Yanzu idon Baba yana tafiya. Lokotoro a Maradi ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Na hagu ya rufe. Na dama saura ƴar taga, yadda shi da kansa yake kiranta.

Ana cikin haka tsohon malamina na jami'a ya turo mini sanarwa daga Yamai: wani laburatuwar, wato ɗakin binciken kimiyya, a arewacin Italiya zai karɓi malaman kimiyya su yi sitaj, horon aiki na mako uku. Na cika takardu ban sa rai ba, sai ga shi an ɗauke ni. Na je na durƙusa gaban Baba ina yi masa bayanin aikin.

"Baba, wata na'ura ce, lazar, mai harba haske guntu-guntu, gajeru ƙwarai. Hasken yana ratsa saman gilashi bai yi masa komai ba, sai can ciki inda aka tattara shi wuri guda yake sauya gilashin. In ana jan gilashin a hankali, sai a bar siririyar hanya a ciki, ba ta kai gashin kai kauri ba. In ka zuba haske a bakinta, ita zai bi, ko da ta lanƙwasa."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana Barira ba.

"Uwata, mi kike cewa? A haƙa rijiya daga tsakiya, ba a buɗe mata baki ba?"

"Kusan haka, Baba."

"Kuma haske shi sha kwana?"

"Ƙwarai kuwa."

"To. Ƙarya ba halinki ba ce, amma ni sai na gani. Ki tahi ki haƙo taki da hannunki, ba ta wani ba, ki kawo mini tun da sauran tagar ga."

Ranar tafiya zik ɗin balis ɗina, akwatin tafiyata, ya ƙi rufuwa, saboda gwaggona ta cusa cuku da yaji har ba wurin sa yatsa. Baba ya sa ƙanena Sani ya yanko guntun tsohuwar igiyarsa ta shiga rijiya. Shi ya ɗaure balis ɗin da lalube, ya yi addu'a ya tofa a kan ƙullin, kamar yadda yake yi kafin ya sauka rami. Maigidana ya raka ni tasha yana dariya, wai duk Turai ba za a sami mai balis irin tawa ba.

A Maradi na shiga kar, babbar motar fasinja ta Yamai. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya ƴar kasuwar hatsi, mai jiki da baki, wadda ta ci rabin wurina kafin mu fita gari. Da ta ji inda za ni ta dafe ƙirji.

"Wayyo ɗiyata! Can ba su da abinci, ganye suke ci kamar awaki. Bari mu kai Madawa."

A Madawa ta sayi kilishi ta danna mini cikin jaka, na ƙi, ta harare ni, na karɓa. Bayan Ƙonni taya ta fashe, muka zauna gindin wata bishiyar bedi muna jiran gyara. Hajiya ta sa na yi wa fasinjoji bayanin aikina. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko abin zai sa rezon salula ya daina ɗaukewa a ƙauyensu. Na ce irin waɗannan hanyoyi na haske su ne ke ɗaukar maganar salula daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya ce to in yi sauri.

Jirgi ba zan ce komai a kansa ba, don idona a rufe na yi rabin tafiyar. Inda aka sauya mana jirgi kuwa na yi gudun da ban yi ba tun ina lakwal, zane a hannu ɗaya, paspo a ɗaya.

A bakin iyakar Italiya ɗan sanda ya duba takardar gayyata, ya dube ni, ya buga hatimi. Na ce alhamdulillahi, an wuce. Ashe da saura. Ina jan balis sai ga karen duwan, masu binciken kaya, ya zo ya zauna a gabanta kamar an kira shi. Aka sa na kwance igiyar Baba. Ma'aikacin ya zaro kilishin Hajiya, ya zaro cukun gwaggo, ya ce da Faransancinsa mai ɗingishi nama da kayan nono ba sa shiga ƙasar, doka ce. Na roƙa, na yi bayani, a banza. Na ce to in ci a nan fa? Ya ɗaga kafaɗa. Wallahi a tsaye na ci falle guda na kilishi, ina tauna ina hararar karen. Da ya tattara kayan zai haɗa da igiyar ya zuba a kwandon shara, sai na fizge ta. Ya ga fuskata, ya bar mini ita.

An sauke ni gidan wata tsohuwa, Madam Roza, wadda mijinta ya rasu. Ba ta jin Faransanci, ba na jin nasu, sai muka koma maganar hannu. Ranar farko na zana alade a takarda na ja masa layi biyu. Ta yi dariya har da hawaye, ta manna zanen a jikin firjinta, kuma har na bar gidan ba ta saɓa ba. Abinci kuwa taliya ce, yau doguwa, gobe gajeriya, jibi mai rami, kullum kamar an sauke ta ba ta ida nuna ba. Yajin gwaggo ne ya cece ni. Ta ba ni nasu cukun mai tauri, na ji kamar namu ne da ya daɗe cikin salka. Ni ma na ba ta yaji ta lasa, ta yi ta tari tana kiran sunayen da ban sani ba.

Abin da ya fi ba ni wuya gaisuwa ce. Kalma ɗaya, an wuce. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ya mutan gida. Kafe ma a tsaye suke shan shi, cikin ɗan kofin da bai kai na shayinmu ba, kurɓa ɗaya sun tafi. Na tuna yadda Sani ke kashe yamma guda a kan shayi zagaye uku, na ce lalle kowa da inda yake zuba lokacinsa.

A laburatuwar aka haɗa ni da Kiyara, wadda ke kula da na'urar. Siririya ce, sa'ata, tana jin Faransanci, ba ta da wasa a kan aiki. Ta kai ni wani ɗaki marar taga, mai sanyi, da wani ƙaton tabur na ƙarfe cike da ƙananan madubai. Dokokinta uku: tabarau na kariya ba ya barin ido, don hasken lazar ɗin ba a ganinsa amma yana makantarwa, ba a taɓa gilashi sai da safar hannu, in na'ura na aiki ba a jingina da tabur. Sannan ta faɗi abin da ban so ji ba. Masu jiran na'urar suna da yawa, ni sau uku kawai zan hau ta, safiya ɗaya kowane mako.

Gilashin ɗan ƙarami ne, bai wuce rabin akwatin ashana ba. Na kwana huɗu ina koyon goge shi da alkol, da daidaita shi ya kwanta sak, da nemo samansa a fuskar ordinatar, wato kwamfuta, kafin a nutsa hasken ciki. Na tambayi Kiyara me ya sa sai harbin ya zama gajere haka. Ta ce don ya gama aikinsa ya wuce kafin zafi ya bazu ya tsaga gilashin.

Safiyar farko na goge gilashina tas. Kiyara ta juya tana kunna na'ura. Ni kuwa na ɗaga shi kusa da bakina, na karanta abin da Baba ke karantawa, na yi masa tofi sau uku, ɗan kaɗan, irin wanda iska ta fi yawu yawa. Na ɗora shi, aka fara. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai wani ɗan farin ɗigo yana tafiya cikin gilashin. Bayan an gama na sake wanke shi, muka yini biyu muna goge bakunansa su yi santsi. Aka zuba haske a baki ɗaya, muka zuba ido a ɗayan. Ba abin da ya fito. A mikiroskof, na'urar girmama ƙananan abubuwa, hanyoyin sun tsittsinke, nan akwai, nan babu.

Kiyara ta ce haka farko yake, wataƙila ban kwantar da shi daidai ba. Na ƙara mako guda ina koyon daidaitawa, ina zuwa kafin kowa. Safiya ta biyu na yi komai a tsanake. Da ta juya baya kuma na ƙara tofin, har na tsawaita addu'ar, don a ganina ta farko ce ba ta isa ba.

Wannan karon da aka gama na miƙa hannu zan wanke shi, sai ta riƙe ni.

"Dakata. Kada ki goge. Bari in ga samansa yadda yake."

Ta sa shi a mikiroskof, ta daɗe, sannan ta matsa mini. Saman gilashin cike yake da ƙananan tabo masu zagaye, busassu. Ta nutsa kallon ciki. Ƙarƙashin kowane tabo hanyar ta yanke.

"Wani abu ya fantsamu a kansa bayan kin goge," in ji ta. "Hasken ya ci karo da shi ya watse kafin ya kai ciki. Atishawa kika yi?"

Na ce a'a. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koya wa yara fizik! Ta ga halin da nake ciki, ta buɗe wata durowa ta ɗauko wani gilashi.

"Wannan nawa ne, yana aiki sosai. In na ƙarshen ma bai yi ba, ki tafi da shi. Ba mai iya bambanta su da ido."

Gaskiyarta, ba mai iya bambantawa, balle mai ƴar taga ɗaya. Na riƙe shi a tafin hannuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya so. Sai na mayar mata. Na ce wanda ya aiko ni ya ce ba ta wani ba.

Da la'asar na kira salular Sani na ce ya ba Baba. Na zayyana masa komai.

"Tofi na yi masa, Baba, yadda kake yi wa madubinka."

Sai na ji dariya, dariya har da tari, har Sani yana cewa a kawo ruwa.

"Haba Uwata! Yaushe kika taɓa ganin na tofa wa madubi? Igiya nike yi wa tofi, don ita ke riƙe da raina. Madubi sai dai in goge shi da hannun riga, in kau da bakina gefe. Ko numfashi ba ni bari shi taɓa shi."

Na tsaya da salula a kunne ina tunani. Wallahi haka ne. Shekara da shekaru ina kallonsa, na haɗa abu biyu na mai da su ɗaya.

"Addu'arki ba ta da laifi," in ji shi. "Ke kika aje ta inda ba wurinta ba. Saura nawa?"

"Saura ɗaya."

"Ɗaya ta isa. Ni ma ban taɓa haƙa rijiya biyu wuri guda ba."

Na tambaye shi idon. Ya ce da sauƙi. Da Sani ya karɓi salular ya fita waje ya rage murya, ya ce shekaranjiya Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kuskure ta. Ya ce, "Yaya, ki yi ki dawo."

Washegari na sami Kiyara na gaya mata gaskiya tun daga igiya har madubi. Na shirya ta yi mini dariya. Ta ɗan yi, ba zan ce ba ta yi ba. Sannan ta jawo sarƙar wuyanta ta nuna mini zoben kakarta, ta ce ita ma ba ta taɓa kunna na'urar ba sai ta taɓa shi. Ta ba ni shawara a safiyar ƙarshe in ja miƙaƙƙun hanyoyi kawai, sun fi sauƙi. Na ce zan ja miƙaƙƙu, amma sai na ƙara ɗaya mai lanƙwasa, wadda za ta rabu biyu kamar mararrabar hanya. Ta ce ina da taurin kai. Na ce gadonsa na yi.

Safiyar ƙarshe na tsaya a bakin ƙofa, a waje. Na ciro guntun igiyar Baba daga jakata, na yi addu'ata na tofa a kanta, na mayar. Na wanke hannu, na sa takunkumi, na sa safa, na sa tabarau. Na goge gilashin bakina a gefe. Na nemo samansa a kusurwa uku har suka yi daidai, na sake nemowa don kada zuciyata ta yi mini gardama. Na danna. Tsawon lokacin da ɗigon nan yake tafiya hannuwana suna bayana, ko ƙafa ban gyara ba.

Gugar bakuna ta ci yini biyu, saura kwana ɗaya in taso. Kiyara ta kawo zaren gilashi mai ɗauke da jan haske ta saita shi a bakin hanyar mai rassa. Tana murɗa wani ɗan maɓalli a hankali, fuskar ordinatar baƙi ƙirin. Sai wani ja ya ɗan motsa. Ta ƙara murɗawa. Ɗigo biyu suka fito, jajaye, kusa da juna.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Mutum uku suka shigo a guje daga ɗakin gaba, sun zaci wani ya ji rauni.

Kiyara ta manne zaren a jikin gilashin, ta kafa ƙaramin gilashin tattara haske a ɗaya bakin, duka a kan ɗan faranti na ƙarfe. Ta ba ni wata ƴar fitila mai kamar alƙalami da ke zuba jan haske cikin zaren, ta ja mini kunne kada a haska a idon kowa. Madam Roza ta naɗe mini shi cikin tawul ɗinta, ni kuma na bar mata sauran yajin. A jirgi a kan cinyata ya zauna. Kar ɗin Yamai zuwa Maradi ban ko sauka cin abinci ba.

Na iso Dakoro bayan azahar. Ban cire mayafi ba na wuce ɗakin Baba. Muka gaisa, na lura sai da na yi magana ya juyo daidai inda nake. Sani ya rufe ƙofa, ya toshe taga da bargo. Na ajiye farantin a kan kujera, na kama hannun Baba na buɗe tafinsa kamu ɗaya daga gilashin, na kunna.

Ya sunkuyo. Ya karkata kai yana neman abin da tagarsa, ya matso, ya ja baya. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Uwata, kin yi ƙoƙari, amma mun makara. Idon ya ƙara lalacewa. Abu guda, biyu nike ganin shi."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa gaya masa zancen rassan ba.

"Nuna mini su, Baba."

Ya ɗaga yatsan ɗaya hannun ya ɗora a kan na farko. Ya matsa kaɗan ya ɗora a kan na biyu. Bai kuskure ko ɗaya ba.

"Biyu ne, Baba," na ce. "Idonka bai yi ƙarya ba. Hanyar ce na raba biyu a ciki, rabi ya bi nan, rabi ya bi can."

Ya rufe tafin, ya buɗe, suna nan. Ya sake rufewa ya buɗe. Ya lalubo gilashin zai taɓa, sai ya janye hannu da kansa, ya kau da bakinsa gefe.

"Ikon Allah. Ashe shina shan kwana."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Sani ma ya fita wai zai duba shayi.

Gilashin yana lise yanzu, ɗalibaina suna layi su gan shi, kuma duk wanda ya matso da baki sai na kore shi baya. Tagar Baba ta ƙara ƙanƙancewa tun daga ranar, yanzu sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Jiya na je kai masa fura na tarar da wani tsohon abokin aikinsa daga garin Mai Yara ya zo gaishe shi, yana musu, wai rijiya ba baki zancen yara ne. Baba ya buɗe masa tafin hannu, ya ɗora yatsa wuri biyu.

"Nan da nan," in ji shi. "Ɗiyata ta haƙa ta, kuma da idona na gani."